Mayen Ƙarfe a Kan Jar Mota

Nura ne ya kawo mini hoton, shi da ƙaninsa Bashir, 'ya'yan ƙanina marigayi da na bar wa warshata a unguwar Manfuha, nan Riyad. Warsha dai ita ce garejin gyaran jikin mota a bakin mutanen nan. Hoton baƙi da fari ne, na wata tsohuwar jarida, wani ya ɗora shi a intanet, masu son tsofaffin motoci suna ta cacar baki a kai. Motar tsere ce mai kujera biyu, mai dogon hanci, ƙirar Italiya, tana tsaye cikin tanti a wani baje kolin motoci da aka yi a nan Riyad tun ubansu bai yi aure ba. Irin wannan mota iri biyu aka ƙera ta, da mai jikin ƙarfe da mai jikin alminiyam, a ido kuma ba ka raba su. Gardamar ita ce, wacce ce a hoton?

"Baffa, magana ta ƙare," in ji Nura. "Na nuna wa waya, nan take ta gane ta. Ta alminiyam ce. Ga ma takarda a kan bonet an rubuta. Halas."

Na ce ya samu wuri ya zauna. Tunda waya ta gane ta, bari wanda ya goge ta da hannunsa kwana bakwai ya faɗi nasa, ko da bai kai waya ilimi ba. Abin da na faɗa musu a ranar shi nake rubutawa a nan, don ba su kaɗai ba ne. Duk samarin da ke shiga wannan sana'a yanzu, ganinsu aikin samkari, wanda a gida muke ce wa fanal-bita, ba komai ba ne illa ka cika rami da ma'ajun, ka goge da inji, ka fesa fenti, ka ɗauki hoto ka tura wa mai mota. Ma'ajun shi ne ƙullin nan da ake shafawa a toshe lotsawa. Ku a wurinku shi ne sana'ar gaba ɗaya. Mu a zamaninmu abin kunya ne, ana shafa shi ana waige-waige.

Aikina na farko a Riyad ƙofar wata a-kori-kura ce da raƙumi ya hamɓara. Shekarun saba'in ne, lokacin da kuɗin mai ya ɓarke, ana rushe gidajen ƙasa ana dasa na siminti, motoci na shigowa daga Dammam a kan tirela kamar an buɗe musu ƙofa. Mutumin da jiya yake kan jaki, yau ya sayi mota, gobe ya kai ta bango. Aiki bai taɓa yanke mana ba. Ni ɗan maƙera ne daga Kano, na zo aikin Hajji na tsaya, na shigo warsha ina taƙama da cewa tun ina yaro nake dukan ƙarfe. Maigidana a sana'a, Mu'allim Yusuf, mutumin Halab ne ta ƙasar Siriya, gajere mai gashin hannu. Ya miƙo mini guduma ya nuna ƙofar. Na yi mata irin dukan da ake wa garma. Da na gama ya zo ya shafa, ya ce, "Ya Sulaiman, raƙumin ya fi ka tausayi."

Wata shida bai sake bari na taɓa guduma ba. Abin da ya ba ni tsumma ne. In shimfiɗa shi a jikin mota, in rufe ido, in bi da tafin hannu, in faɗa masa inda ƙarfe ya tashi da inda ya kwanta. In na yi kuskure ba ya zagi, sai ya tafi shan shayinsa ya bar ni a tsaye da tsumma kamar mai jiran gawa. Daga baya ya koya mini ƙwanƙwasa da bayan yatsa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, wanda aka cika da ma'ajun kuma sai ka ji kamar ka bugi katifa. Ranar da ya ga hannuna ya fara gani, sai ya ciro wani ɗan baƙin abu daga aljihu, bai wuce girman dabino ba, an naɗe shi da ƙyalle don kada ya karce fenti. Mayen ƙarfe ne. Ya ce duk motar da aka kawo, kafin in saurari mai ita, in fara tambayar wannan. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame, wani ya riga mu yin ƙarya a wurin. Tun daga ranar mayen bai bar aljihuna ba, har masallaci da shi nake zuwa.

Masu motocin kuwa, Allah ya shirye su. Akwai wanda ya kawo mota sau uku a wata guda, duk a gefe ɗaya, kuma kullum bangon ne ya taso ya same shi. Akwai wanda ya ce in mayar da farar mota shuɗiya kafin la'asar, don ɗan'uwansa ya sayi fara. Ba su san abin da ke ƙarƙashin fenti ba, ba su kuma damu su sani ba. In dai tana sheƙi, bonet yana nuna musu fuskarsu, sai ka ji "mumtaz", wato ya yi kyau. Ban ga laifinsu sosai ba, su ba sana'arsu ba ce. Ku da kuke cin abinci da ita ne ba ku da hujja.

Warshar ta wani dillalin motoci ce, Abu Majid, kuma shi ne kafilina. Ku da aka haifa a nan kun san ma'anar haka. Ikamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, da sunansa take, fasfona yana cikin durowarsa, ba ni da ikon sauya wurin aiki ko barin ƙasar sai ya sa hannu. Da aka ce za a yi baje koli, dillalai kowa na neman abin da zai rufe bakin ɗan'uwansa, sai ya yi odar motocin nan guda biyu daga Turai. Ba sababbi ba ne ko a lokacin, sun kai shekara goma da ƙerawa. Dukansu jajaye ne, kamar tagwaye. Ɗaya ƙarfe, ɗaya alminiyam da aka buga da hannu, mara nauyi, wadda aka ƙera kaɗan. Ta alminiyam ɗin ita ce amaryar, da sunanta aka yi ta shela, ɗayar kuma 'yar rakiya.

Ranar da tirela ta kawo su, ni da Mu'allim mun tafi sallar azahar. Batirin amaryar ya mutu a hanya, direban tirela yana sauri, sai ya kira lebura huɗu daga wani gini da ke kusa. Ƙarti ne da suka saba tura tifa in ta maƙale a yashi. Suka dafa ta a baya da gefe, aka ce yalla, suka zuba ƙarfi. Da muka dawo muka tarar da ita a tsakar warsha, suna tsaye suna jiran a ce musu sannu da aiki. Tafin hannu takwas ne a jikinta, kowane ya zauna daram, har kana iya ƙirga yatsu a guda biyu. Alminiyam ɗin motar nan bai fi kaurin murfin tukunya ba. Mu'allim Yusuf ya zagaya ta sau ɗaya, ya je ya zauna a kan taya, ya ɗora kai a gwiwa.

Saura kwana huɗu a buɗe baje koli. Abu Majid ya zo ya gani, ya ce a gyara. Mu'allim ya ce wata guda, in an yi sa'a. Abu Majid ya dubi wannan, ya dubi waccan, ya ce, "To ina bambancin? A rufe wannan da tamfol, a kai ɗayar." Ba wanda ya ce uffan. Ni ma ban ce ba, kada ku ɗauka waliyyi ne ke ba ku labari. Ni ne ma na goge ta ƙarfen har ta fi amaryar kyau, na raka ta tantin, aka ce in tsaya kusa da ita kwana bakwai da tsumma, duk wanda ya taɓa in share wurin.

Takardar nan da kuke taƙama da ita, wani Bamisire mai rubutun allo ne ya rubuta ta, da Larabci da Turanci: jikin alminiyam, aikin hannu. Aka jingina ta a kan bonet. To tantin an kafa masa manyan fankoki saboda zafi, kowane minti biyar sai iska ta ɗauke takardar, in bi ta a guje a tsakanin ƙafafun mutane. Abu Majid ya hana a sa gam ko salatif, kada a ɓata fenti. Da na gaji da tsere da takarda, sai na sa hannu a aljihu, na ciro maye, na ɗora a kanta. Ya kama, tak. Ta zauna. Wallahi ban yi tunanin komai ba. Haka muke manna takardar aiki a jikin kowace mota a warsha, hannuna ne ya yi abin da ya saba.

Kwana biyar takardar da ke cewa alminiyam tana manne da mayen ƙarfe, a gaban duk Riyad. Manyan mutane sun zo da bishti, alkyabbarsu mai zare na zinariya, sun karanta sun gyaɗa kai. Injiniyoyin kamfanoni sun zo, har da Turawa masu jan wuya. Wani saurayi da ya dawo daga karatu a waje ya tsaya yana wa abokansa lacca, yana cewa da ganin yadda haske ke kwanciya a jikinta ka san ba ƙarfe ba ce. Mai ɗaukar hoton jarida ya durƙusa ya ɗauka. Ni kaina sai a rana ta uku na farga da abin da na yi, amma da na ga duk masu ilimin nan ba wanda ya lura, sai na ce cire shi ma jawo ido ne. Na bar shi.

A rana ta shida wani tsoho ya zo da ɗansa. Sunansa Abu Salih, siriri, da sanda, jallabiyarsa ma ba guga. Daga baya na ji cewa maƙerin butocin gahawa ne a da, filayen gadonsa ne suka shiga tsakiyar gari ya wayi gari attajiri. Ɗan ne ke son motar, ya riga ya gama magana da Abu Majid, saura uban ya gani ya amince. Tsohon bai dubi fitila ba, bai leƙa kujera ba. Ya tsaya a kan takardar. Ya sa yatsu biyu ya ɗaga mayen, ya sake shi. Tak. Ya sake ɗagawa, ya saki. Tak. Sannan ya juyo.

"Na wane ne wannan?"

Na ce nawa ne.

"Kai samkari ne?"

Kafin in buɗe baki Abu Majid ya shiga tsakani yana dariya. "Ya ammi, rabu da shi. Wannan mai share ƙura ne kawai, tsumma ya sani. Bai san ƙarfe daga katako ba."

Na sha faɗa wa kaina cewa tsoron Allah ne ya sa na yi magana a ranar. Akwai shi, amma ba shi ne a gaba ba. Da Abu Majid ya ce ni ɓarawo ne, ina jin da na haɗiye. Amma ya ce ban san ƙarfe ba, ni da kakana ya mutu a bakin zuga-zugi, ni da na yi wata shida a tsaye da ido a rufe. Raina ya ɓaci. Na san fasfona yana ina, na san wa ke sa hannu a ikamata, duk na sani.

Tsohon ya ce, "Kai nake tambaya, ya waladi. Jikin motar nan mene ne?"

Na ƙwanƙwasa bonet da bayan yatsa, ya amsa. Na ce, "Hadid ne, ya ammi. Ƙarfe. Ta alminiyam tana warsha a ƙarƙashin tamfol."

Tsohon ya ɓamɓare mayen ya sa a aljihunsa, takardar ta tashi ta bi iska, ya kama hannun ɗansa suka fita. Bai ɗaga murya ba. Amma mutum goma sun ji, kuma a Riyad ta wancan lokaci mutum goma sun isa.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Abu Majid bai iya cewa komai ga tsohon ba, ni ya riƙe. Ya rantse da gangan na ɗora mayen don in tona masa asiri, wai wani dillali ne ya saye ni. Bai kai ni ko'ina ba, bai kuma kore ni ƙasar ba, don wannan sauƙi ne. Ya hana ni shiga warsha, ya ƙi sakina in koma hannun wani, ya ƙi ba ni fasfo. Ikamata ta ƙare a hannunsa. Duk warshar da na je, sai a ce, a'a, kai ne na Abu Majid? Allah ya buɗa. Mu'allim Yusuf bai tsaya mini ba, shi ma yana da 'ya'ya biyar da kafili ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya aiko mini da gudumarsa ta itace a cikin buhun shinkafa, ba saƙo ba gaisuwa.

Shekara guda na yi a unguwar Utaiƙa, a bayan kasuwar kayan miya, cikin wata rumfa ta wani tsoho Bazabarme mai gyaran tukwane. In na hango motar 'yan sanda sai in shige tsakanin buhunan albasa. Aikina manyan tukwanen masu dafa shinkafar kabsa, waɗanda ake dafa rago guda a ciki, in sun faɗo daga mota sun lotse a kawo. Ni da na taɓa motar tsere, ga ni ina dukan gindin tukunya, mai ita yana tsaye yana cewa in yi sauri shinkafa na jira. Na ji kunya ƙwarai, na daina zuwa inda 'yan garinmu ke taruwa ranar Juma'a. Amma tukwanen nan duka alminiyam ne. A wurin tsohon nan na koyi abin da Mu'allim bai kai ga koya mini ba. Alminiyam in ka dake shi yana taurarewa, in ka ci gaba ya tsage. Sai ka shafa masa sabulu, ka bi shi da wuta a hankali, da zarar sabulun ya yi baƙi ka janye, ya yi laushi ke nan. Ka ƙara daƙiƙa kaɗan, ya narke ya bar maka rami, don shi ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe. Tukunya nawa na huda kafin in iya, Bazabarmen ne zai faɗa muku, da yana raye.

Ana nan sai ga Abu Salih a bakin rumfar, da sandarsa, yana tsallake ɓawon albasa. Ashe ɗansa bai bar shi ya huta ba, sai da ya sayi ta alminiyam ɗin. A tsakanin nan Abu Majid ya sa an cike tafukan hannun nan da ma'ajun an fesa fenti, zafin bazara ɗaya ya tsattsaga shi kamar ƙasan tafki. Tsohon ya ce ba zai karɓa ba sai an haɗa masa da takardar sakina. Kada ku ce tausayi ne. Maƙeri ne, ya san ba a ba mai ƙarya gyaran ƙarya. Ya ciro mayena daga aljihu ya miƙo mini, ya ce, "Wannan ba zai yi maka amfani a kanta ba. Hannunka za ka kawo."

Wata biyu na yi a farfajiyar gidansa. Na kankare ma'ajun ɗin tas. Kowane tafin hannu na bi shi daga baki zuwa tsakiya, da sabulu da wuta da gudumar itace, 'yar maƙera ta hannu a ciki, bugu kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar surukai. Wani tafin kwana uku, wani kwana tara. Tsohon yakan sa a kawo masa kujera ya zauna yana kallo. Ranar da na gama, ya shimfiɗa gutrarsa, ƙyallen da yake yafawa a ka, a jikin motar, ya rufe ido, ya bi da hannu daga fitila zuwa fitila. Ya ce, "Tayyib." Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. Ɗan nasa kuwa ko shekara bai rufa ba ya kai ta gindin wata tirela a hanyar Kharj. Shi ya fita da karaya a ƙafa, ita kuma ko tukunya ba za a ƙera da abin da ya rage ba. Ta ƙarfen ban san inda ta ƙare ba.

Da na kai nan, Nura ya ce, "To Baffa, ai wannan labari ne. Su mutanen intanet hujja suke so."

Na ce ya buɗe hoton, ya ja shi da yatsu yadda suke yi, ya kai kan takardar, kusurwar sama.

"Akwai wani baƙin ɗigo," in ji Bashir. "Dattin jarida ne, ya Baffa."

Na sa hannu a aljihu na ajiye masa dattin jaridar a tafin hannu. Ƙyallen ne kawai na sauya, sau nawa ban sani ba. Suka dubi hoton, suka dubi mayen. Shekara kusan hamsin amsar tana zaune a kan bonet, a gaban duk mai ido, ana ta karanta takarda ana barin abin da ya riƙe ta.

A bakin warshar akwai wata farar mota da suka gama a safiyar ranar, tana sheƙi, sun riga sun tura wa mai ita hoto. Na karɓi mayena na taka zuwa wurinta, na ɗora shi a tsakiyar ƙofar direba, na janye hannu. Ya zame, ya faɗi ƙasa a gaban takalmin Nura.

Na ce ya ɗauka ya riƙe, na ba shi. Gobe da safe su kankare ƙofar, zan zo da gudumar itace.